Na'urar tatsar nono mai caji: wata uku ina aiki da ita a ofis

Ranar da hutun haihuwata ya ƙare, 'yata ba ta cika wata uku ba. Mako 12 dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanada, ni kuwa na ƙudiri niyyar ba ta nono zalla har wata 6, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara. Shi ya sa na sayi wannan 'yar na'urar a wani kantin magani a Kano.

Gaskiya ta biya ni. Da cajar waya ake cajinta, don haka ko an ɗauke wuta ba ruwana. Cikin minti 20 nakan cika kwalba. Amma mazurarin da ta zo da shi ya yi mini girma, kan nonon ya riƙa zafi, sai da wata ungozoma ta duba ta ce in nemi ƙarami. Tana da ƙara kaɗan, sannan wankinta akwai aiki, musamman ɗan robar nan na ciki. Filas ɗin ruwan zafi nake tahowa da shi daga gida saboda shi.

Abin da ya fi ba ni wahala wurin tatsar ne. Dokar ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, amma a ina za ki zauna? Makon farko banɗaki nake shiga, raina bai so, abincin jaririya ne fa. Rannan taro ya riƙe ni tun safe har la'asar, nono ya cika ya yi tauri, na kwana da zazzaɓi. Washegari na samu Hajiya, shugabar sashenmu, na gaya mata komai ba kunya. Allah ya saka mata da alheri, ta sa aka share ɗakin ajiyar takardu, aka sa kujera da soket, ta miƙa mini mabuɗi, ta kuma ware mini gefe a firijin ofis.

Firijin nan ba ƙaramin taimako ba ne. Nonon da aka tatsa awa 4 yake yi a waje, shi ma in zafin ɗaki bai wuce digiri 25 ba, a bazarar Kano kuwa sai dai labari. A firij yana kai kwana 4. Da yamma ina sa shi a 'yar kula da ƙanƙara in kai wa Umma, ita ke ba 'yata shi da kofi washegari.

Wadda za ta saya ta gwada girman mazurarin tukuna, ta kuma haɗa da robar ciki ta biyu. Yanzu mu biyu ke karɓa-karɓa da mabuɗin ɗakin.