Bindigar iska ta hannu a zafin Maradi: gas, sifirin ko famfo?

Mai sayen ƙaramar bindigar iska don harbin takarda yakan fara da kallon sura da gudun harsashin da aka rubuta a jikin kwali. A Maradi kuwa, abin da ya kamata ya fara tambaya shi ne mene ne ke tura harsashin, domin shi ne zai haɗu da bazara da ƙurar hunturu. Wannan sharhi ya biyo bayan amfani da iri huɗu, dukansu masu harsashin dalma na milimita 4.5, a tazarar mita 10.

Mai gas ita ce ta fi jan ido, ita ce kuma ta fi ba da kunya. Tana aiki da ƴar kwalbar CO2 (irin gas ɗin da ke cikin lemun kwalba) mai giram 12, wadda ake sakawa a ɗaure har allura ta huda bakinta. Gas ɗin a ruwa yake cikin kwalbar, ƙarfinsa kuma yanayi yake bi. A digiri 20 matsinsa ya kai kamar bar 57 (bar ma'aunin matsi ne). Da zafi ya wuce digiri 31, gas ɗin ba ya zama ruwa kuma, sai matsin ya yi ta hawa. To, mu nan daga Afrilu zuwa Mayu digiri 40 ba labari ba ne. Abin da ke faruwa shi ne matsi ya danne bawul daga ciki, hamar da ke bugunsa ta kasa buɗe shi sosai. Ka ja kunama ka ji "tak" maras ƙarfi, harsashi ya fita da ƙyar ko ya tsaya cikin bututu. Wanda bai sani ba sai ya ce bindiga ta lalace, alhali inuwa da ɗan lokaci kawai take so. In harsashi ya maƙale, kada a ɗora wani a kansa. A cire kwalbar tukuna, a turo shi da siririn sanda.

Da sanyin safiyar hunturu kuma akasin haka ne: matsi ya sauka, harbi ya riƙa faɗawa ƙasa da inda aka saita. Harbi a jere da sauri ma yana sanyaya kwalbar, shi ma ya kawo wannan matsala. Kwalba guda tana ba da harbi 40 zuwa 60 masu kyau, gwargwadon bindigar. Waɗanda samansu ke zabura baya a kowane harbi kamar bindigar gaske sun fi shan gas. Ba a barin kwalba cikin mota ko ƙarƙashin kwanon rufi, tunda masu yin ta sun hana a kai ta wajen digiri 50. Ba a barinta a ɗaure cikin bindiga kwana da kwanaki, tana taushe zoben robar har ya fara yoyo. Ga kuma tsadar samu: ba kayan kowane shago ba ne, sai sautu daga Yamai ko Kano, kuma jiragen sama suna ɗaukar ta a matsayin kaya mai haɗari. Ranar da kwalba ta ƙare, bindiga ta zama abin ado.

Mai sifirin ba ta neman kome sai ƙarfin hannu. Ka karya bututu, sifirin ya ɗanu, ka sa harsashi. Zafi bai dame ta ba. Aibinta girgiza: fistin yana zabura gaba kafin harsashi ya bar bututu, saboda haka in riƙonka ya sauya ko kaɗan, inda harsashi ke sauka ya sauya. Sabon hannu zai daɗe bai tara harbinsa wuri guda ba. Abu biyu ke kashe ta da wuri: harba ta babu harsashi, wanda ke sa fistin ya daki bango ba matashin iska, da ɗiga mata man inji a ɗakin iska. Man yakan kama wuta saboda matsi, ka ji ƙara da warin hayaƙi, roba ta ƙone.

Wadda ake cika wa tulu da iska, wato PCP, ita ce ta ƴan gasa, kuma babu mai ja da kyawun harbinta. Amma tana son kamar bar 200. Kwampreson mai faci na bakin hanya bai wuce wajen bar 10 ba, don haka kada ma a fara. Sai famfon hannu na musamman, wanda kuɗinsa kaɗai ya isa sayen wata bindigar, kuma da damina yana tura laima cikin tulu. Iskar oksijin ta masu walda kuwa haramiyar gaske ce a nan, fashewa take jawowa.

Saura masu famfo a jikinsu, kuma a nan zaɓin yake. Crosman 1377 ana buga mata famfo sau 3 zuwa 10. A mita 10 bugu huɗu ya wadatar. Goma gajiyar banza ce, kuma hannun da ya gaji rawa yake a kan saiti. Robar famfonta na son ɗigo biyu na man bindigar iska bayan harbi ɗari biyu da wani abu, musamman in hunturu ya busar da ita. Alamar ƙishinta ita ce famfo ya yi sakwaf, ba ya turjewa.

Beeman P17 kuwa bugu ɗaya ce: ka ɗaga saman, ka cusa harsashi, ka rufe, iskar harbi guda ta matsu. Gudunta wajen mita 120 ne a daƙiƙa, ba girgiza, kunamarta kuma mai laushi ce fiye da kuɗinta. Rufewar na da tauri, tana cizon fatar tafin hannu in ba a kula ba, kuma wurin sa harsashi matsattse ne ga mai manyan yatsu. Sanannen ciwonta shi ne zoben robar fistin: gefen ƴar ƙofar da iska ke shiga yakan zo da kaifi, ya riƙa yankar zoben har iska ta fara gudu. A goge kaifin da takardar yashi mai laushi, a sa sabon zobe da ɗan man silikon, shi ke nan. Ga mai son ya koyi harbi a tsakar gida, ita ce gaba. Mai son ɗan ƙarin ƙarfi da nisa ya ɗauki 1377.

Harsashi mai shafaffen kai ya fi dacewa da takarda, yana yanka rami tsaf mai sauƙin ƙirgawa. Ƙwallayen ƙarfe da wasu bindigogin ke harbawa kuwa suna dawowa in sun bugi bangon siminti, don haka a sa kwali cike da tsummoki bayan takardar, a sa gilashin kare ido, a wanke hannu bayan taɓa dalma. Kafin a ba da kuɗi, a je kwamisariya, wato ofishin ƴan sanda, a tambayi abin da ake bukata na izini. Da yawan waɗannan bindigogi ba a bambanta su da na gaske daga nesa, kuma da halin da hanyar Ɗan Isa da iyaka ke ciki, ba abin sakawa ƙarƙashin kujerar mota ba ne.