Dadin Kowa, Gubi ko Maladumba: ina ya fi a je yawon ruwa?

Duk ƙarshen shekara ko hutun sallah sai 'yan uwa sun fara tambaya, ina za mu kai yara su ga ruwa, a shiga kwale-kwale, a ɗan yi fatsa a ci kifi. To ni dai amsata ba ta canzawa, Dadin Kowa. Amma bari in bi su ɗaya ɗaya kar a ce son kai ne don ina Gombe.

Gubi dai madatsar ruwa ce kusa da garin Bauchi kuma ita ke ba garin ruwan sha, wajen zama ne a sha iska da la'asar a dawo gida, shikenan. Madatsar Balanga da ke nan jihar Gombe tana da kyau da duwatsunta amma tafiyar ta fi abin da za ka gani yawa. Maladumba da ke wajen Misau tafki ne na asali ba dam ba, mai son kallon tsuntsaye zai ji daɗi, sai dai da rani ruwan ja baya yake. Wikki a Yankari kuwa wanka ne kawai, ruwan ɗumi garau wajen digiri 31, ba jirgi ba kamun kifi.

Dadin Kowa fa daban ce wallahi. Tana ƙaramar hukumar Yamaltu Deba kan hanyar Biu, daga Gombe bai kai awa ɗaya a mota ba. Kogin Gongola aka tare tun shekarun 1980, ruwan da ake sha a Gombe daga nan yake, ga tashar lantarki mai megawat 40, ga lambuna a ƙasan dam ɗin inda za ka cika but da kayan miya a hanyar dawowa. Ruwa ne mai faɗi da idan ka tsaya a gaɓa ba ka ganin ƙarshensa. Ka je da sassafe lokacin da masunta ke fitowa, ka ga an juye ƙarfasa da tarwaɗa da ƙurungu a tabarma suna ta tsalle, wani lokaci a fito da giwan ruwa sai mutum biyu sun kama. Mai son fatsa ya nemi tsohon masunci ya ba shi ɗan na goro, shi ya san lungun da kifi ke kwana, kai ba ka sani ba. Lokacin da ya fi shi ne bayan damina, Oktoba zuwa Disamba, ruwa ya cika ya kwanta. A Agusta da Satumba ana iya buɗe ƙofofin dam, kar ka kusanci ƙasan kogin da yara. Kuma akwai dorina a yankin nan, manoman wajen Hinna sun sha kuka da ita, in matuƙi ya ce ba a bin wani gefe to kar ka yi masa gardama.

Yanzu abin da ya fi damuna, damfara. Akwai wani mai jirgi da muka yi ciniki da shi a gaɓa, sai da muka yi nisa cikin ruwa ya kashe inji ya ce wai mai ya ƙare, kuɗin da muka ba shi na zuwa ne kawai, ga mata ga yara sun fara kuka, dole muka ƙara masa. Tun daga nan ba na shiga jirgin kowa sai an faɗa a gaban mutane, zuwa da dawowa nawa, minti nawa, mutum nawa, kuma rabi nake bayarwa sauran sai ƙafata ta taka ƙasa. In da hali a yi cinikin gaban sarkin ruwa ko shugaban masu jirgin wajen. Ka leƙa tankin mai da idonka, ka duba ko akwai filafili a ciki ko da inji zai mutu. In ka ga yaro zaune da roba yana kwarfe ruwa tun ba a tashi ba, sauka.

Rigar ruwa ma akwai ta bogi, launi ne kawai mai ruwan lemo an cusa mata soson katifa, tana jiƙewa sai ta yi nauyi ta ja mutum ƙasa. Matsa ta da hannu, mai kyau tana da tauri kuma igiyoyinta na ɗaurewa tsaf, ta babba kuma ba ta yi wa yaro. Wanda ya ce maka ai ba komai Allah na nan, ka ce masa haka ne amma ya kawo rigar. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ma ta hana tafiyar dare da lodi fiye da ƙima, don haka kafin magariba ku kasance a tudu.

Sai kifi. Wasu tarwaɗar kiwo suke kawowa daga gari su zauna a bakin ruwa su ce yanzu aka kama, su ninka kuɗi. Wasu kuma na jiya ne aka yayyafa masa ruwa. Ɗaga murfin gefen kansa, in ciki ja ne jawur, ido garau, naman ka danna ya dawo, to sabo ne. Wanda ya yi laushi cikinsa ya kumbura ko yana warin magani bar shi ko kyauta ne, don akwai marasa tsoron Allah masu zuba guba a ruwa su kwashe. Banda kuwa karya ɗaya ka duba ciki kafin ka biya kwali.

Haka masu tallan tafiya a Facebook da hoton babur ɗin ruwa da farin yashi, hoton wata ƙasa ne, a nan kwale-kwale ne da jirgi mai inji, kar ka tura wa kowa kuɗi tun ba ka ga wajen ba. Kuma don Allah a hana yara iyo a gefen da ruwa ke kwance cikin ciyawa, nan ake ɗaukar tsargiya, in yaro ya fara fitsarin jini bayan an dawo a kai shi asibiti da wuri.