Kayan Aikin Mako na Rabin Aji a Sakkwato: Na Kanti, Na Kafinta ko Na Haɗin Hannu?

Duk farkon zango za ka ga masu makarantun yara ƙanana da malaman rabin aji a Babbar Kasuwar Sakkwato, suna fitowa da kwalaye cike da kayan roba masu ƙyalli. Kafin hutun tsakiyar zango wasu sun karye, wasu sun ɓace, sauran kuma suna kulle a ofishin shugaba don gudun kada su ma su bi sahu. Abin da ke jawo wannan asara shi ne an yi sayayya tun kafin a zauna a rubuta abin da yaran za su yi daga Litinin zuwa Juma'a. Jadawalin mako shi ya kamata ya rubuta takardar cefane, zafin garin nan da ƙurarsa kuma su tace ta.

A ce ajinku na 'yan shekara huɗu zuwa biyar ne, yara 25, wanda shi ne adadin da manufar ilimi ta ƙasa ta ɗora wa malami ɗaya a wannan mataki. Mako mai tsari yakan ba sautuka da haruffa safiyar Litinin, ƙirga ta ɗauki Talata, Laraba ta zama ranar aikin hannu, Alhamis a duba shuka da tsabtar jiki, Juma'a da ake tashi da wuri a bar wa tatsuniya da waƙa. Yaro mai wannan shekaru ba ya wuce minti goma zuwa sha biyar a kan aiki ɗaya, don haka a raba ajin rukuni biyar suna zagayawa. Wannan rabon kaɗai yana rage kuɗi sosai, domin in ban da abin rubutu, yawancin kaya saiti biyar ko shida ake buƙata, ba 25 ba.

Abin rubutu

Nan ne kuɗi suka fi zurarewa, nan kuma ya fi kamata a tsaya a yi lissafi. Zaɓi huɗu ne a gabanku: farantin yashi, ƙaramin allon alli, farin allo na maka (alƙalamin tawada da ake rubutu da shi a kansa), da littafin rubutu.

Farantin yashi kusan kyauta ne. A tankaɗe yashin gulbi da rariya, a zuba a tire mai ɗan baki, kaurinsa kada ya wuce santimita ɗaya don yatsa ya riƙa taɓa ƙasan tiren, harafin ya fito sarai. Yaro ya zana, ya girgiza, ya sake. Ga makonnin farko babu abin da ya kai shi, saboda hannun da bai saba riƙe fensir ba yana fara koyon lanƙwasar harafi ba tare da tsoron kuskure ba. A rufe shi bayan an tashi, in ba haka ba kyanwa za ta mayar da shi makewayi.

Allon alli shi muka fi ba da shawara a matsayin abin rubutun yau da kullum, kuma na kafinta ya fi na kanti. Fallen filawud ɗaya mai faɗin santimita 122 da tsawon 244, in aka yanka shi 20 a 30, zai ba da alluna 48, wato na aji biyu ke nan saura kaɗan. A sa kafinta ya goge gefuna da sanfefa ya kashe kaifin kusurwoyi, a shafa fentin allo sau biyu, a bar shafin farko ya bushe kafin na biyu. Na kanti mai firam ɗin roba yakan tsage a kusurwa da zarar ya faɗi a siminti sau biyu ko uku. Akwai tsohuwar ɗabi'ar baƙanta allo da baƙin garin cikin batir. A daina, domin yara suna shafa allo da tafin hannu, hannun kuma baki yake komawa.

Farin allo yana da tsabta, iyaye ma suna son ganinsa, amma maka ce ke cinye kuɗin. A lokacin hunturu yaro ya bar ta a buɗe na ɗan lokaci, ta bushe ke nan. Sannan sau da yawa ana haɗa wa mai saye da makar da ba ta gogewa, allon ya lalace rana ɗaya. In har za a saya, a saya wa malama babba guda, a gwada makar a kan allon tun a gaban mai kanti.

Littafin rubutu kuwa ya jira zango na biyu, a fara da mai faɗin layi. Cika shafi da harafi ɗaya sau hamsin yana faranta wa iyaye rai, amma hannun ɗan shekara huɗu gajiya yake yi, ya koma damƙe fensir kamar mai riƙe muciya, gyaran wannan riƙon kuma ya fi koyar da shi tun farko wuya.

Batun launi ma haka yake. Siririn kirayon yana karyewa a hannun yaro, kuma a watan Afrilu da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, wanda aka bari a akwatin ƙarfe ƙarƙashin rufin kwano laushi yake yi ya lanƙwashe. Mai kauri ya fi jurewa, a ajiye shi ƙasa-ƙasa a ɓangaren ɗakin da rana ba ta bugu. Fensir mai launi ba ya narkewa, sai dai yana son fiƙewa kullum, kuma inda babu abin fiƙe a hannun malama, reza ce ke shigowa aji a aljihun yara.

Ƙirga, da abin da ke shiga hanci

Kwalin ƙirga na kanti mai 'yan duwatsun roba yana da kyan gani, amma abin da ke kewaye da mu yana yin aikin. Marafan gorar ruwa masu launi daban-daban suna koyar da ƙirga da warewa da jerawa a lokaci ɗaya: ja biyu, shuɗi ɗaya, ja biyu, me ke biye? Kowane rukuni na buƙatar kamar guda hamsin a cikin roba mai murfi. Marafan kwalba na ƙarfe suna da kaifi kuma suna tsatsa, a bar su.

Wake, 'ya'yan tsamiya da ƙwallon dabino su ne suka fi sauƙin samu, su ne kuma suka fi kai yara asibiti, domin yaro na tura su a hanci ko kunne cikin ƙiftawar ido, wake kuma kumbura yake in ya sami danshi. Ga gwaji mai sauƙi da za ku tafi da shi kasuwa: kwalin tsakiyar tishu. Duk abin da ya wuce ta cikinsa bai dace da ajin 'yan ƙasa da shekara uku ba, har da marafan gora. Ƙwallon goruba da aka wanke aka shanya ya fi su girma nesa, ba ya karyewa, kuma zai shekara yana aiki.

Laraba: laka, almakashi da abin liƙi

Lakar roba ta kanti ba ta bushewa da wuri, amma tana da tsada, zafi na sa ta yi maiƙo ta manne a tabarma, kuma cikin mako biyu launukan sun cakuɗe sun koma toka-toka. Kwaɓin fulawa ya fi arha: gwangwanin madara biyu na fulawa, ɗaya na gishiri, cokali biyu na man gyaɗa, sai ruwa kusan gwangwani ɗaya ana zubawa kaɗan-kaɗan ana murzawa har ya daina kama hannu. Wannan zai ishi rukuni ɗaya. Gishirin ne ke hana shi saurin lalacewa, kuma shi ke sa yaron da ya ɗanɗana ya tofar. In ya yi ruwa a ƙara fulawa, in ya fara tsagewa a jiƙa hannu a sake murzawa. A ɗaure shi a leda a sa a roba mai murfi, in ba haka ba iskar hunturu za ta mayar da shi dutse kafin gobe, da damina kuma a riƙa dubawa kada ya yi fumfuna.

Yumɓu daga wurin masu ginin tukwane shi ne zaɓin da ya fi dacewa da yaranmu a ganinmu. Yana da ɗan tauri, don haka yana ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensir gobe, kuma abin da yaro ya gina, ko 'yar tukunya ce ko raƙumi, yana bushewa a inuwa ya tafi da shi gida ranar Juma'a. Kuɗinsa shi ne ruwan wanke hannu da tsohuwar riga da za a ɗora kan yunifom. Makarantar da ke sayen ruwa a jarka ta sa wannan cikin lissafi.

Almakashi mai dakusasshen baki bai dace ba, mai tsini ma haka. A nemi mai zagayayyen baki wanda ke yanka takarda da gaske, a gwada shi a kanti, domin na roba zalla tauna takarda yake yi har yaro ya fusata. Guda shida sun isa. Abin liƙi kuwa, ƙaro da aka jiƙa a ruwan ɗumi ya kwana aka tace yana riƙe takarda sosai. Kokon sitaci ma yana yi, amma kwana biyu yake tsami kuma yana kiran kyankyasai, sai a dama na ranar kawai.

Bulullukan gini sun cancanci kuɗi, domin ana wasa da su kowace rana. Guntayen katako daga wurin kafinta, a yanka su kamar santimita huɗu ko biyar a goge, za su daɗe fiye da kowane na roba. A bar su ba fenti. Wasu fentocin mai suna ɗauke da dalma, kuma duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yaran maƙwabtanmu na Zamfara a 2010, ko da yake daga haƙar zinariya ta fito, ya san ba abin wasa ba ce. In na roba masu shiga juna kuke so, ku haɗa shida a gaban mai kanti ku ɗaga ta sama. In suka zube, na jabu ne.

Fastocin bango ba sa buƙatar dogon tunani. Na kasuwa na Turanci ne, babu ɓ, ɗ da ƙ a cikinsu, hotunan kuma na abubuwan da yaron unguwar Gidan Igwai ko Mabera bai taɓa gani ba. Katin kwali da malama ta zana, an lulluɓe shi da salatif, ƙ da ƙwarya, j da jaki, r da raƙumi, ya fi aiki. A manna shi daidai idon yaro, ba can kusa da silin ba. Darasin shuka kuma ba ya cin ko sisi: a jiƙa wake ya kwana a hannun malama, a shuka ranar Litinin a gindin gorar ruwa da aka huda, zuwa Alhamis ko Juma'a ya fara leƙowa, sai dai da sanyi yakan ƙara kwana.

Kwamfutar hannu da kayan wasa masu magana su zo ƙarshe, in ma za su zo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kallon allon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya a rana ga 'yan shekara biyu zuwa huɗu, kuma da yawansu sun cinye awar tun a gida. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli da ke cikin irin waɗannan kaya yana ƙona maƙogwaro in aka haɗiye, don haka duk wanda murfin batirinsa ba a ɗaure yake da ƙusa ba, a mayar wa mai shi.

Wurin zama da ajiya

Yawancin ayyukan makon nan a ƙasa ake yin su, saboda haka tabarmar roba mai wankuwa ta riga kujera muhimmanci. Kafet yana tara ƙura da fitsari, tabarmar kaba kuma tana sukar ƙafa in ta fara tsufa. In za a yi kujeru, tsayin mazauni ya kasance tsakanin santimita 26 da 31, tebur tsakanin 46 da 53, yadda tafin ƙafar yaro zai taka ƙasa. Kujerar roba da ake bari a rana tana yin gautsi ta karye a ƙafa ba gargaɗi.

Ku ware kuɗin ajiya tun kafin ku sayi komai. Bokitan roba masu murfi guda biyar, kowanne an rubuta masa ranarsa, a ɗora su kan benci nesa da bango saboda gara, sun fi kabad ɗin katako da ɓera ke shiga ta baya. Ranar Juma'a kafin a tashi, yara da kansu su ƙirga almakasai da alluna su mayar, malama kuma ta rubuta abin da ya ƙare don a cike gurbinsa kafin Litinin.