Tsofaffin fina-finan dainoso a faifai: abin dubawa kafin a fitar da kuɗi

Fina-finan dainoso (manyan dabbobin zamanin da can da suka ƙare) masu ƙaramin jari da aka yi a Amurka da Ingila daga shekarun 1940 zuwa ƙarshen 1970 sun fito a kaset ɗin VHS, sun fito a DVD, yanzu da yawansu suna kan Blu-ray. Suna ɗaya ne a jikin kwali, amma abin da ke ciki ya sha bamban. Wani bugun an yanke masa mintuna, wani an datse gefen hotonsa, wani kuma na'urarka ba za ta ma buɗe shi ba. Saboda haka bugun ake bincika, ba sunan fim kaɗai ba.

A fara da lambar yanki, domin a nan kuɗi suka fi salwanta. A tsarin DVD, Amurka da Kanada yanki na 1 ne, Turai na 2, Najeriya da Nijar da mafi yawan Afirka na 5. Blu-ray kuwa harafi yake amfani da shi: Amurka A, Turai da Afirka B. Na'urorin DVD masu araha da yawa suna karanta kowane yanki, amma na Blu-ray ba kasafai suke yin haka ba. Faifan Blu-ray na kamfanin Kino Lorber galibi a kulle suke a yankin A, na kamfanin Warner Archive kuma galibi a buɗe. Idan na'urarka ta yankin B ce, ka nemi bugun Ingila ko wanda ba a kulle ba. Wanda ya shigo da na'ura daga Amurka don ya huta da wannan matsala, ya karanta bayanta tukuna: idan 120V kaɗai aka rubuta, wutar 230V za ta ƙona ta sai an haɗa da taransifoma.

Sai tsawon fim. One Million Years B.C. na 1966, wanda gwanin motsa 'yar tsana Ray Harryhausen ya ƙera dabbobinsa, minti 100 ne a Ingila, amma na Amurka an rage shi zuwa 91, kuma har da aikin dabbobin a cikin abin da aka cire. Blu-ray ɗin Kino Lorber na 2017 yana ɗauke da duka biyun. When Dinosaurs Ruled the Earth na 1970 shi ma iri biyu ne: na Amurka minti 96, na sauran ƙasashe minti 100. Mai iyali ya kula, domin a cikin mintunan da suka ƙaru akwai tsiraici, kuma dogon ne Warner Archive suka fitar a Blu-ray.

Akwai tarko a lissafin nan. DVD ɗin Turai na tsarin PAL yana gudu da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24 na silima, don haka fim mai minti 100 yakan koma 96 ba tare da an cire komai ba. Ke nan 96 a kwalin Turai na iya zama cikakken fim, 96 a kwalin Amurka kuwa yankakke. Kakan waɗannan fina-finai, The Lost World na 1925, ya fi kowa shan wahala: kwafi masu araha wajen awa ɗaya ne kawai, alhali gyararren bugun kamfanin Flicker Alley na 2017 ya kai wajen minti 110.

Faɗin hoto ma abin dubawa ne. The Beast of Hollow Mountain na 1956, The Land Unknown na 1957 da Dinosaurus! na 1960 duk an ɗauke su da CinemaScope, mai faɗin 2.35:1. Idan aka matse su suka cika tsohon allon talabijin na 4:3, fiye da kashi 40 cikin ɗari na hoton ya tafi, sai ka ga mutum yana ihu amma dabbar da ta firgita shi tana waje da allo. A DVD a nemi kalmar anamorphic ko 16:9 a bayan kwali. In babu, hoton zai zauna ɗan ƙarami a tsakiyar talabijin na zamani da baƙi ta kowane gefe. Amma Unknown Island na 1948 da Lost Continent na 1951 asalinsu kusan 4:3 ne, don haka baƙi a hagu da dama shi ne daidai. A Lost Continent, da 'yan wasa sun hau saman wani dutse sai hoton ya koma kore. Da gangan aka rina shi, ba lalacewa ba ce, kuma kwafin da ba shi da koren ya rasa wani abu na asali.

Shin Blu-ray ya cancanci ƙarin kuɗinsa? Ya danganta da yadda aka yi dabbar. Inda aka yi ta da 'yar tsana mai ƙashin ƙarfe, ana motsa ta kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto ɗai-ɗai har 24 don daƙiƙa ɗaya, lallai ya cancanta. A The Valley of Gwangi na 1969 layi 1080 na Blu-ray yana fito da ɓawon fata da motsin jela yadda layi 480 ko 576 na DVD ba ya iyawa. Sai dai a sani, duk wurin da aka haɗa dabba da mutane a hoto ɗaya, hoton kan ɗan yi duhu da tsaki-tsaki, saboda sai da aka sake ɗaukar fim a kan fim. Wannan ba aibu ba ne. Bugun da aka goge tsakin da kwamfuta har fuskoki suka yi santsi kamar kakin zuma shi ne abin gudu.

Inda mutum ne a cikin rigar roba, kamar a Unknown Island, ko ƙadangare ne aka kira shi dainoso, kamar a King Dinosaur na 1955, DVD mai kyau ya wadatar, domin ƙarin haske ɗinki da gam kawai zai tona. Kuma a faɗi gaskiya: a One Million B.C. na 1940 (daban da na 1966) da King Dinosaur dabbobi masu rai aka haɗa faɗa suka ji wa juna rauni. Ba kowa ne zai so yara su gani ba.

Kwalin nan mai fim goma ko ashirin a faifai kaɗan yana da ruɗi. DVD mai shimfiɗa ɗaya 4.7GB yake ɗauka, mai biyu 8.5GB. In aka cusa fim huɗu a ɗaya, hoton kan farfashe ya zama akwati-akwati daidai lokacin hayaƙi, ruwa da gudu, wato inda ake son kallo. Faifan da ƙasansa ya yi shunayya DVD-R ne. Kamfanoni na gaskiya kamar Warner Archive suna yin sa bisa oda, amma ya fi jin zafi da rana, kuma wasu tsofaffin na'urori suna ƙin sa.

VHS na mai tara kwali ne. Duba ta tagar kaset: farin ɗigo a kan zaren fumfuna ce, kuma za ta ɓata kan na'urar ta shafi sauran kaset. Faifan hannu kuma a karkata shi a haske. Ƙarzar da ta taso daga tsakiya zuwa baki na'ura kan iya tsallake ta, amma wadda ta bi zagayen faifan tana shafe bayanai a jere, fim ya tsaya cak.