Sharhi kan QIAamp DNA Blood Mini Kit don binciken kwayar halittar CD33 a Kano

Ga masu aikin dakin gwaje-gwaje a Kano, wannan kayan ciro DNA daga jini na kamfanin Qiagen ya cancanci kudinsa, duk da tsadarsa.

CD33 tana kan kuromosom na 19, tana aiki a maikurogiliya, kwayoyin garkuwar kwakwalwa. Gab da farkonta akwai sashen DNA mai kunna ta, a can ne sauyin rs3865444 yake, wanda aka danganta da cutar mantuwa ta Alzheimer. Karanta wurin sai da DNA mai tsafta.

Ana zuba protease (sinadarin narkar da furotin) mikrolita 20, jini mikrolita 200, sannan Buffer AL (ruwan fasa kwayoyin jini) mikrolita 200, a dumama a digiri 56 na minti 10. A kara etanol mikrolita 200, a tace a bututun kayan mai rike DNA ta hanyar juya shi a injin juyi, a wanke da ruwan wanki AW1 da AW2, a sauke DNA din da ruwan AE. Ana samun kusan mikrogiram 6 na DNA.

Matsalar ita ce zafi. An tsara ajiyar kayan a digiri 15 zuwa 25, alhali bazarar Kano kan kai 40. Protease da aka narkar kuwa sai firji, in wuta ta dauke ya kwana a zafi, karfinsa ya ragu. A debi jini a kwalbar EDTA, ba ta heparin ba (dukansu masu hana jini daskarewa ne), domin heparin yana hana PCR, gwajin da ke kwafe DNA, tafiya. Ragowar etanol ma haka yake yi, don haka a sake juya bututun ba komai a ciki kafin a sauke.

DNA na jini zai nuna harafin DNA da mutum ya gada a wurin rs3865444, amma ba zai nuna ko sashen yana kunne a kwakwalwarsa ba.