Na biya kuɗin ajin zane na intanet, malam ya gyara wa Nok fuska

Ajin nan da ake ta tallarsa a Facebook da Instagram tun kafin azumi, wanda aka ce kuɗi ɗaya fanni uku, zane da kiɗa da barkwanci, kuma duk da Hausa, na shiga har na cika wata ukun da ake yi. Ba zan kama suna ba. Duk mai leƙa shafukan masu zane na Kaduna ya ga tallar, kuɗin ma kun san shi. Mutum huɗu suka tambaye ni ko su biya, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ni a shagon kawuna nake a Kawo, muna rubutun allon talla da lambar gida da jikin keke. Hannuna ya saba da fenti da burushi, amma zanen mutum ya gagare ni, ga shi burina in nemi sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Abin da ya sa na biya ke nan. Kiɗan da barkwancin gyara na ɗauke su, irin wanda mai ƙosai ke ɗora maka a sama.

Makonnin farko ba ni da ƙorafi. Ana zuba bidiyo a Telegram, ranar Asabar da tara na dare kuma a haɗu da malam kai tsaye. Bayan atisayen layi da da'ira, babban aikin farko da ya ba mu shi ne zana akwati 250, da alƙalamin tawada, ba gogewa, kuma layin ya taso daga kafaɗa, kada wuyan hannu ya yi aikin. Na yi ta cika takardu har kawu ya tsaya a kaina wata rana ya ce, "Kai yaro, wannan akwatunan na lefe ne? Ka faɗa mini 'yar gidan wa ce tun da wuri." Amma akwatunan sun yi mini amfani. Wajen na ɗari da hamsin na fara ganin yadda gefen abu ke tsukewa idan ya yi nisa, layina kuma ya daina rawa.

A mako na shida aka ce kowa ya zana kai, na mutum ko na wani abu da ke garinsu. Yawancin 'yan ajin hoton mawaƙa suka sauko da shi daga waya. Ni sai na hau keke na tafi gidan tarihi na titin Ali Akilu, wurin da na yi shekaru ina wucewa ta ƙofarsa ban taɓa shiga ba. Can na tsaya gaban kawunan Nok na gasasshen yumɓu. Ido mai kusurwa uku, an huda tsakiyarsa. Hanci a huje, baki a ɗan buɗe, gashi an yi masa tukkaye da kitso kamar jiya aka tashi daga gaban mai kitson. Abin ya haura shekara 2,000, kuma daga nan kudancin jiharmu ne, ƙauyen Nok a ƙasar Jaba, inda masu haƙar kuza suka fara tono irinsa a 1928. Wani kan ma da aka samu wajen Jama'a, a gonar doya aka kafa shi yana korar tsuntsaye kafin ya kai hannun Bature masanin kayan tarihi Bernard Fagg a 1943. Sau uku na koma. Ranar ƙarshe mai gadin ɗakin har kujera ya miƙo mini. Ban taɓa zuba wa wani zane lokaci irin wannan ba, inuwar cikin ramin idon kaɗai ta ci mini yini guda.

Ranar Asabar ba wuta a unguwarmu, sai na je wurin mai cajin waya na zauna a benci kusa da janareta, kunne ɗaya na toshe da yatsa. Malam ya ɗora zanena a gaban mutum arba'in da wani abu. Zuciyata ta buga, na zaci yabo ne.

Ya ce wanda ya yi wannan bai kalli darasi na huɗu ba. Ya ɗauko jan alƙalami ya zagaye kan da da'ira, ya raba shi biyu, ya ce ido a nan yake zama, kuma ido ba ya yin kusurwa uku. Ya zagaye idon, ya sa masa ƙwaya da gashin ido. Ya tsuke hancin, ya rufe bakin, ya sauke tukkayen ya mayar da su askin zamani. Minti ashirin yana yi, ina kallo datata na ƙonewa, har kan Nok ya koma irin hoton da ake liƙawa a bangon shagon aski a ce ka zaɓi lamba.

Na buɗe murya na ce, "Malam, a gafarce ni, ai ba fuskar mutum na zana ba. Kan Nok ne na gidan tarihi, haka idonsa yake."

Ya ce, "Ɗalibi, ko kan waye, ƙa'ida ƙa'ida ce. Ka fara koyon daidai tukuna."

Wata 'yar Kafanchan da ke ajin ta rubuta cewa Malam, kakanninmu fa ka yi wa aski. Aka yi ta turo alamar dariya. Shi ko a jikinsa, ya wuce zane na gaba.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Ba gyaran ne ya ƙona mini rai ba, ai gyara na biya a yi mini. Abin da ya tsaya mini shi ne mutum yana karɓar kuɗin 'yan Kaduna ya koya musu zane, kuma bai gane kan Nok ba da ya gan shi, bai ma tsaya ya tambaya ba. Ƙa'idar da yake riƙe da ita ta wani Ba'amurke ce, Andrew Loomis, mai zanen talla da mujallu, kuma don zana fuskar mutum mai rai aka tsara ta. Makarantar da nake mafarkin shiga kuwa, tun tana kwaleji kafin ta zama jami'a a 1962, a nan ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya a 1958 don su ce ba za su yarda a koya musu zanen Turawa tsagwaronsa a watsar da na gida ba. Shekara sittin da ɗoriya bayan wannan, ga ni a benci kusa da janareta ana gaya mini da Hausa cewa idon Nok kuskure ne.

To amma in faɗi gaskiya, ƙa'idar tana aiki a inda aka yi ta domin shi. Mako biyu bayan haka na gwada ta a fuskar ƙanwata, karon farko ke nan da na zana mutum aka gane shi ba tare da na faɗi suna ba. Inna ta kalla ta yi salati, ta ce ita dai ba ta son zanen mai rai a cikin gida, amma kuma ta hana a yaga. Malamin ya iya bayani, ba ya gaggawa, kuma ga wanda Turancinsa bai kai ya bi bidiyon YouTube mai saurin magana ba, jin abin da Hausa babban sauƙi ne. A lokacin na sauko, har na yi niyyar ba su maki uku cikin biyar in ce a shiga amma a riƙe hankali.

Sai 'yar Kafanchan ɗin nan ta turo mini adireshin wani shafi, Drawabox. Na buɗe. Akwati 250. Tawada ba gogewa. Layi daga kafaɗa. Har jerin atisayen layi da da'ira da muka fara da su, bi da bi, kyauta ga duk mai data. Da ya ce mana tun farko ga inda na samo, ni fassara nake yi muku, wallahi da na biya da daɗin rai, don fassara ma aiki ce. Amma a bidiyon farko cewa ya yi tsari ne da ya shekara yana haɗawa. Daga nan duk abin da na haɗiye ya dawo mini sabo.

Kiɗan bidiyo huɗu ne kan yadda ake jera sauti a manhajar BandLab. Na tambaya yaya zan ɗauki kalangu da waya ba tare da sautin ya fashe ba, don akwai makaɗi a layinmu da ya yarda in gwada da shi, har yau ba amsa. Barkwancin kuwa yankan bidiyo ne a manhajar CapCut da inda ake saka sautin dariya. Ba wanda ya yi maganar yadda ake jan labari a riƙe shi sai an kai gaɓa a sake. Wanda ya zauna ya kalli tsohon wasan Samanja na gidan talabijin na Kaduna, ko ya tsaya gaban 'yan kama a kasuwa rabin sa'a, ya fi mu samu. Takardar shaida kuma, da aka ce tana cikin kuɗin, da muka gama sai ga saƙo wai a turo N5,000 na bugawa. Ban tura ba.

Yanzu da datar dare nake karatuna. Ina bin Drawabox a hankali, abin da Turanci ya shige mini in tambayi 'yar Kafanchan. Gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saki hotunan dubban kayansa kyauta tun 2017, ina saukewa in kwaikwaya, a shafin Google Arts & Culture kuma kana iya jawo zane kusa har ka ga sawun burushi. Zanen Nok ɗina na asali yana rataye a shago, kawu ne da kansa ya buga masa ƙusa.

Biyu cikin biyar, kuma biyun na Hausar ne da haƙurin bayani. Jiya suka turo cewa an buɗe aji na biyu, zanen jiki gaba ɗaya, da rangwame ga tsofaffin ɗalibai. Malam da kai takwas yake auna tsayin mutum, mutanen Nok kuwa kansu kaɗai kan cinye kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na jikin, kuma su nake son zanawa gaba. Na ga saƙon, ban amsa ba.