Wata bakwai da Total Quartz 9000 a Corolla ta

Shekara da shekaru baƙin mai mai kauri, 20W-50, nake zuba wa Corolla ta, don shi bakanikena ya saba saya. Bara ne wani abokina da ke jigila tsakanin Kano da Zariya ya matsa min sai na gwada Total Quartz 9000, 5W-40. Na saya a gidan mai, hatimin galan ɗin bai taɓu ba, saboda jabun mai ya yi yawa a kasuwa, kuma injin mota ba abin wasa ba ne.

Abin da na fara lura da shi safiyar hunturu ne. A da, in na tayar da motar, sai na ji ƙarar kaf-kaf daga saman injin na ɗan lokaci kafin mai ya hau. Da wannan man, ƙarar ta ragu sosai, domin bai kai 20W-50 kauri ba in yana da sanyi, yana saurin isa ko'ina.

Bayan kamar kilomita 3,000 sai man ya yi baƙi. Bakanike ya zaro sandar awo, ya duba, ya ce, "Alhaji, a yi juye kawai." Ban yarda ba. Baƙin da mai ke yi alama ce ta yana wanke dattin injin yana riƙe shi, aikinsa ke nan. Ni dai ga yadda nake dubawa duk Asabar: in ajiye motar a wuri mai daidai, in kashe ta, in jira minti 10, in goge sandar in mayar, sannan in duba ko man yana tsakanin alamomi biyun nan. Sai in murza ɗigo tsakanin yatsu. In da santsi, babu tsakuwa-tsakuwa, lafiya lau. In shaƙa kuma, don warin fetur ko na ƙuna ba alheri ba ne. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai ya koma kalar shayi da madara, wannan ruwa ne ya shiga, galibi gasket ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin kan injin mai hana ruwa haɗuwa da mai, kuma juye ba zai magance shi ba.

Na kai kilomita 7,000 kafin na canza, tare da sabuwar filta. Ban wuce haka ba, ko da man zai iya, saboda ƙurar Kano da cunkoson Kofar Ruwa zuwa Bata suna gajiyar da mai fiye da doguwar tafiya. Ko motar ba ta yi tafiya ba ma, ba na barin mai ya daɗe fiye da wata shida zuwa bakwai.

Tsada kam akwai ta, aljihu ya ji. Kuma wanda injinsa ya tsufa yana shan mai, ya fara duba littafin motarsa kafin ya bi sahuna. Ni kuwa na riga na sayi galan na biyu, yana cikin but.